Ɗiyar da Ba Ta Cikin Takarda

A littafin Faransa, mutanen Maikurna ɗari huɗu ne da goma sha biyu. Haka aka rubuta shekarar da aka kafa dutsen iyaka bayan masallacin garin, haka kuma aka yi ta rubutawa har shekara ashirin, sai ka ce garin da ba a haihuwa. Alhali kuwa ranar Sallah filin idi ba ya ɗaukar jama'a.

Dutsen nan ya raba garin biyu, rabon da ba na adalci ba. Gidaje da rijiya suka faɗa ƙasar Faransa, kasuwa da maƙabarta suka faɗa ƙasar Ingilishi. Mutanen garin kuwa ba su daɗe ba suka gano amfaninsa. Da an ji labarin masu ƙirga sun sauka ƙauyen gaba, sai a kora yara bayan dutse su wuni a kasuwa, jarirai a sa su cikin rumbu, mata su zauna ƙofar ɗaki suna kaɗi kamar ba komai. Malamin kumandan Faransa ya yi tambaya da Faransanci, tafinta ya juya, kowa ya ce Allah bai ba shi ba tukuna. In an tambayi mutum ɗan maƙwabcinsa, sai ya ce shi bai taɓa ganinsa ba. Wannan ita ce babbar doka a Maikurna: ba a faɗin ɗan wani ga mai alƙalami.

Ba wasa ya sa su haka ba. Wanda aka rubuta, in ya tasa, da sunansa ake zuwa a ɗauke shi aikin hanya ko soja. Rabi tana da shekara takwas aka zo da sunan wanta Sabo a bakin wani dogari, aka sa shi gaba. Bai dawo ba, ba a kuma kawo ko rigarsa ba. Shekarar da ta biyo, gida arba'in, har da na su Rabi, suka ɗaure kaya suka nufi gabas. Shekara bakwai suna tafe, su yi noma a nan, su tsinci auduga a can, su binne wanda ya rasu su wuce, har suka ƙetare teku. Waɗanda suka iso Makka suka yi zango a unguwar Jarwal, cikin wani lungu na ɗakunan gwangwanin kananzir, inda da rana bango ba ya taɓuwa don zafi. A nan Rabi ta yi aure, a nan ta haifi ɗiyarta ta fari, Baraka.

To, shekarar da Baraka ta shiga huɗu, sai aka ce hukuma za ta rubuta mutanen unguwa ta ba kowane gida takarda. Mijin Rabi, Mukhtaru, yana Jidda yana dako a bakin jirgi, sai Juma'a Juma'a yake zuwa. Rabi ba ta yi shawara da kowa ba, don ba abin shawara ba ne. Da ta ji muryar magatakarda a ɗakin da ke gaba, ta kwantar da yarinyar cikin babban kwandon wanki, ta lulluɓa mata zanen gado, ta sa mata dabino biyu a hannu. Aka tambaye ta, ta ce su biyu ne, ita da maigida. Ranar nan duk lungun haka aka yi. Da Mukhtaru ya dawo ta gaya masa, ya ce ta yi daidai. Takarda ta zo, suka naɗe ta cikin tsumma suka ajiye.

Wata biyar bayan haka, wata Talata, Rabi ta dawo daga gidan wani attajiri inda take wanki, ana kiran azahar. Tun daga bakin lungu ta ga ba daidai ba. Ba yaro ko ɗaya a waje. Hajara, maƙwabciyarta mai sai da dafaffen wake, wadda take bar wa yarinyar kullum, tana zaune gaban tukunya ta rufe, ga kuma wake bai ƙare ba.

"Yaya Hajara, ina yarinyar nan?"

Rabi ba ta kiran sunan Baraka. Ɗiyar fari ce, kunya ba ta bari. Ko a ɗaki sai dai ta ce "ke".

Hajara ta ce, "Zauna tukuna."

"Ba ni zama. Ina take?"

"Askarawa suka zo, su biyu. Wai ana neman yaran da ake ƙetarowa da su a sayar. Ni dai na hango su, na yi wa nawa ido suka shige. Ita tana can gindin bango tana wasa da murfin kwalba, ban iya kai gare ta ba. Suka ɗaga ta suka ce ɗiyar wa."

"Kika ce mi?"

Hajara ta ɗaga kai, har da ɗan alfahari cikin tsoron da ke fuskarta. "Mi zan ce? Na ce ban taɓa ganinta ba. Suka bi ɗaki ɗaki, wallahi Rabi ba wanda ya tona ki. Ko mutum ɗaya."

Ƙullin wankin ya zame daga kan Rabi ya faɗi cikin ƙasa, kayan mutane farare tas. Ba ta ko dube shi ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko takardar, ta fito da gudu ba takalmi, ƙasa na cin tafin ƙafarta.

Gidan umda, wato mai unguwa, na dutse ne, da zaure mai sanyi. Ta tarar da shi zaune kan kujera mai tsawo, dattijo mai jan gemu, magatakarda a gefensa yana fifita da wani littafi. Larabcin Rabi na wanki ne da kasuwa, amma ya isa. Ta ce an kawo ɗiyarta, ta zo ɗauka. Ta miƙa takardar da hannu biyu, don ta ga haka ake yi.

Magatakarda ya buɗe, ya duba, ya dube ta. "Mukhtaru. Matarsa Rabi. Ba ɗa."

"Akwai."

"Ni na rubuta wannan, ya hajja. Na tuna lungun. Gida goma sha ɗaya, ba yaro ko na magani. Har na ce wa umda waɗannan mutane a yi musu addu'a."

Umda bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya sunanta?"

Nan harshen Rabi ya yi nauyi. Shekara huɗu sunan nan bai fita bakinta ba. Ga maza biyu baƙi sun zuba mata ido. Ta sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mata, ta yi shiru na numfashi uku ko huɗu, kafin ta gane yadda shirun yake a idonsu. Ta ce, "Baraka," da wata murya da ita kanta ba ta san ta ba. Amma magatakarda ya riga ya dubi umda.

Aka sa wata baiwar Allah ta fito da yarinyar daga cikin gida. An wanke mata fuska, tana riƙe da guntun gurasa. Da ta ga uwarta ta saki gurasar ta taho da gudu ta rungume ƙafarta. Rabi ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Sai umda ya sunkuya ya tambayi yarinyar, cikin lallashi, wace ce wannan.

Baraka ta ce, "Rabi ce."

"Ina mamarki?"

Yarinyar ta yi tunani. Mutum ɗaya take kira Inna a duniya. Ta ce, "Inna tana sai da wake."

Umda ya miƙe zaune. Ya ce shi ba ya zaluntar kowa, amma ta duba da kanta. Takarda ta ce ba ta da ɗa. Mai sai da wake ta ce ba ta san yarinya ba. Unguwa duka ta ce ba ta san ta ba. Ita da ta zo da'awa, sunan ma sai da ta yi tunani. A watan nan kaɗai ya ga mata biyu sun zo suna kuka a kan yaran da daga baya aka gane saye aka yi. Akwai mota da za ta tashi bayan la'asar ta kai yaran da ba a san iyayensu ba Jidda, a can ake tsare su har a bincika. In tana da gaskiya, ta kawo matar da ta karɓi haihuwar, da namiji dattijo wanda aka sani, su rantse a gabansa kafin motar ta tashi.

Sai da aka ɓamɓare yatsun yarinyar ɗaya ɗaya daga zanen uwarta. Rabi ba ta yi kuka ba. Ta lura da inda inuwar ƙofa ta kai a kan daɓe, ta auna lokacin da ya rage mata, ta fita.

Wadda ta karɓi haihuwar Hajara ce. Dattijon da aka sani kuwa ɗaya ne, Baba Tsoho. Shi ke riƙe da ainihin ƙirgar Maikurna, ba a takarda ba, a ka. Tun suna gida aikin gidansu ne. Ranar suna shi ke ƙara mutum, ranar jana'iza shi ke ragewa, ya faɗi adadin a kunnen liman. Ya san waɗanda suka rage a gida, da waɗanda aka binne a hanya da inda aka binne su, da waɗanda suka tsaya Sudan. Rabi ta same shi ƙarƙashin rumfar buhu yana zura 'ya'yan carbi cikin zare, sana'ar da ya koma tun da idonsa ya yi rauni. Hajara ta biyo ta, wasu mata suka leƙo daga ƙofofi.

Rabi ta durƙusa ta gaishe shi a gajarce, ta faɗi abin da ake ciki.

Tsoho ya ajiye zaren carbin. Sannan ya ce, "Ɗiyata, na ji. Allah ya sani na ji. Amma kin san abin da kike roƙo? In na tsaya gaban mai alƙalami na ce wagga tamu ce, zai ce ina sauran. Ba wawa ba ne."

"Kada ka faɗi sauran, Baba. Tawa kaɗai."

"Rantsuwa zai sa ni, ga Ɗakin Allah can ana hangensa. Kina so in yi ƙarya bayan rantsuwa, a garin nan, da furfurata?"

Wata daga bakin ƙofa ta ce, "A bari uban ya je Jidda ya neme ta mana. Ba can yake ba?"

Rabi ba ta juya ba. "Ya neme ta da wace takarda? Wadda ta ce ba shi da ɗa?"

Tsoho ya ce, "Kakana ya riƙe ƙirgar nan, ubana ya riƙe ta. An ɗaure ubana a rana kwana biyu gaban bariki don ya faɗa, bai faɗa ba. Da wannan shirun garinmu ya rayu. Mutum nawa ke yawo yau da 'ya'ya da jikoki don an ƙi faɗin sunansu? Kuma kin san a lungun nan akwai gidajen da uban ma ba shi da takarda. Idris mijin Hajara ta dare ya sauka a kwalekwale. In aka tono yara, an tono iyaye."

Hajara ta kau da kai.

Rabi ta ce, "Baba, a gida in an ƙi faɗin yaro, ina yake wuni?"

"Bayan dutse."

"Da yamma kuma ya dawo ya ci tuwo. To, nan ina dutsen? Nuna min shi in kai ta. Can ƙasa biyu gare mu, in wannan ta matsa mu jingina da waccan. Nan ɗaya ce, kuma mun gaya mata da bakinmu cewa yaranmu ba namu ba ne. Yau tawa ce. Gobe ta wa?"

Wata akuya ta shigo rumfar tana shinshina buhu, Tsoho ya kore ta da gwiwar hannu.

Rabi ta dubi inuwar rumfar. Inuwar ta ja. Ta miƙe tsaye, abin da ba a yi gaban Tsoho sai ya sallami mutum. Maganar a shirye take, don tun a hanya ta shirya ta.

"Ka gafarce ni, Baba. Ni zan koma. In an kira la'asar ban gan ku ba, zan gaya wa umda ya aiko a buɗe kwanduna da akwatuna. Na san su duka, ɗaki ɗaki. Ni ke wanke musu kayan suna."

Aka yi salati a ƙofofi. Wata ta ce, "Ɗiyar Mahmudu ce ke wannan magana? Ƙanwar Sabo?"

"Ita ce," in ji Rabi. "Uwata ta rasa ɗaya don an rubuta shi. Ni ba ni rasa tawa don ba a rubuta ta ba."

Ta juya ta tafi. Ƙafafunta sun yi bororo, sai yanzu ta ji. Ta zauna a ƙofar gidan umda, cikin rana, inda za ta ga hanya ta kuma ga motar, wata tsohuwar akori-kura da direbanta ke kwance ƙarƙashi yana barci. Ta yi ta tambayar kanta ko za ta iya abin da ta ce. Ta tuna ɗan Hajara na goye, da yadda yake kama mata ɗan kunne. Ta ga dai za ta iya, kuma ganin hakan ya fi zafin ranar ƙona ta.

Direba ya tashi ya fara zuba wa mota ruwa. Ladan ya gyara murya. Sai ga su can tafe, Tsoho da sandarsa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, Hajara na riƙe da hannunsa. Da suka iso, ba wanda ya dubi Rabi.

Umda ya fara da Hajara. "Da safe kin ce ba ki san ta ba. Yanzu kin ce ke kika yanke mata cibiya. Wanne ne ƙaryar?"

"Na safe."

"Don me?"

Hajara ta rasa Larabcin da za ta faɗi wannan da shi. Tsoho ne ya amsa, a hankali, ya ba da labarin garin da dutse ya raba, da littafin da ya tsaya a ɗari huɗu da goma sha biyu. Magatakarda ya ajiye fifitarsa yana saurare. Umda ya sa suka rantse. Tsoho ya faɗi ranar da aka haifi Baraka, da sunan ubanta, da kakanta, da kakan kakanta wanda ya haƙa rijiyar Maikurna.

Umda ya gyaɗa kai, ya ce a fito da ita. Sannan ya juyo ga Tsoho.

"Ya shaikh, rantsuwarka ba ta huce ba tukuna. Yara nawa ne a lungun nan?"

Rabi ta dubi tsohon. Hannunsa ya ƙanƙame sandar har jijiyoyi suka fito.

"Goma sha bakwai," in ji shi. "Da wagga, goma sha takwas."

Magatakarda ya tsoma alƙalami. Tsoho ya rufe ido ya fara jero su, gida gida, kowane da sunan uba, da irin muryar da yake yi ranar jana'iza. Da ya kai gidan Idris, Hajara ta sa bakin mayafi ta toshe bakinta. Umda ya ce gobe da hantsi a kawo su duka, kowane da ubansa da takardar uban. Wanda aka haifa a nan za a rubuta shi. Hajara ta tambaya, wanda uban ba shi da takarda fa? Umda ya ce wannan ba a hannunsa yake ba, sai abin da na sama suka ce.

Aka fito da Baraka. Ta yi girma da goyo, amma Rabi ta ɗaga ta ta ɗaura a baya, ta ja zane ta ƙulle sau biyu. A waje motar ta tashi, da wasu yara uku a bayanta sun riƙe katako. Rabi ta juya wa hanyar baya don kada yarinyar ta gani.

Suka koma a jere, tazara tsakaninsu. Labari ya riga su isa. Lungun ya cika da mutane a tsaitsaye, maza sun dawo daga aiki, da suka ga Rabi sai aka buɗe mata hanya fiye da yadda take bukata. Ba wanda ya ce mata barka. Ƙullin wankinta na nan inda ya faɗi, an bi ta kansa. Tsoho ya wuce rumfarsa bai zauna ba, ya shige ɗaki ya saki labule.

A ƙofar ɗaki Hajara ta tsaya, ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Kin samu taki."

"Na samu, Yaya."

"Nawa uku ne. Gobe wa zai tsaya musu?"

"Ni zan tsaya."

"Ke da mi?"

Hajara ta jira kaɗan, ta shiga ɗakinta.

Baraka ta ce tana jin yunwa. Rabi ta sauke ta a bakin murhu, ta jawo gawayi. Yarinyar ta hango sauran yara ta ƙofa, ta yunƙura za ta fita, uwar ta cafke wuyan hannunta. Haka ta haɗa wutar da hannu ɗaya, tana hurawa hayaƙi na shiga mata ido, ɗayan hannun bai saki ba.